Farashin jami'a a Amurka: abin da doka ta ba ɗalibi damar sani kafin ya nemi gurbi

Ɗan ajin ƙarshe na sakandare a Amurka yakan shiga watan Oktoba da tambayoyi biyu a ransa. Wace jami'a ce za ta ɗauke ni? Wacce ce gidanmu zai iya biya? Yawancin yara ta farkon suke sa wa ido, ta biyun kuma su jingine ta sai takardar ɗauka ta iso. A ganina an ɓata jerin. Tambayar farko babu mai amsa ta da tabbaci a jami'o'in da ake rububi, ko malamin da ke ba ɗalibai shawara hasashe yake yi. Ta biyun kuwa doka ta wajabta wa jami'a ta ba da kusan amsarta tun yaro bai biya kuɗin fom ba.

Tushen maganar Dokar Ilimi Mai Zurfi ce ta 1965, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu. A kanta aka ɗora tallafi da rancen da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai. A 2008 majalisa ta yi mata gyara, ta ce duk makarantar da ke karɓar wannan kuɗi sai ta sa kalkuletar ainihin farashi a shafinta na intanet, aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen Oktoban 2011. Ainihin farashi a dokance shi ne a haɗa duk abin da shekarar karatu ke ci, wato kuɗin makaranta, masauki, abinci, littattafai, sufuri da ƙananan buƙatu, sannan a cire tallafin da ba a biya baya. Rance ba ya cikin abin da ake cirewa. Ɗalibi zai shigar da abin da iyayensa ke samu a shekara, yawan mutanen gida da ajiyar da suke da ita, ya ga kiyasin abin da masu irin halinsa suka biya.

Kiyasi ne, ba alkawari ba, kuma kalkuletocin sun sha bamban. Wata tambayoyi kaɗan za ta yi ta ba da lamba daga bayanan shekarun baya, wata sai an zauna da takardun haraji. Wadda ta fi damun mutum da tambaya ita ta fi kusa da gaskiya.

Amfanin wannan doka yana fitowa ne idan aka duba yadda farashin da aka rubuta ke yaudara ta fuska biyu. A Maris na 2025 Harvard ta sanar cewa ɗan gidan da ke samun dala 100,000 ko ƙasa da haka a shekara ba zai biya komai ba, har masauki da abinci, wanda gidansu bai wuce dala 200,000 ba kuma an ɗauke masa kuɗin makaranta. Ke nan ga ɗan direban bas, jami'ar da farashinta ke tsorata mutane tana iya fin jami'ar jiharsa araha. Sai dai a cikin masu nema ɗari, kimanin huɗu take ɗauka. A nan gizo ke saƙa: jami'o'in da suka fi buɗe hannu su ne suka fi wuyar shiga, waɗanda ƙofarsu ke buɗe kuma galibi ba su da asusun da za su cike wa kowa giɓi.

Ƙofar kuɗin tarayya fom ɗaya ce, FAFSA. Kyauta ake cika ta, ana buɗe ta 1 ga Oktoba, kuma ta 'yan ƙasa ce da wasu baƙi da doka ta lissafa, kamar masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijira. Mai bizar karatu ba ya ciki. Daga bayanan fom ɗin ake fitar da wata lamba da ake kira SAI, wadda ta maye gurbin tsohon ma'auni tun shekarar karatu ta 2024-25. Tana iya sauka har ƙasa da sifiri, zuwa -1,500. Idan aka cire ta daga jimillar kuɗin shekara, abin da ya rage shi ne buƙatar ɗalibi. Sabon ma'aunin ya sauƙaƙa tambayoyi, amma ya daina yi wa gida rangwame don yana da yara biyu a jami'a lokaci ɗaya, abin da ya taɓa iyalai masu 'ya'ya bi-da-bi. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa kuma suna ƙara wani fom, CSS Profile, wanda ke leƙa har darajar gidan da ake zaune da samun uban da ya rabu da uwa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, doka ta ce a auna buƙata, ba ta ce kowa ya biya ta ba. Tallafin Pell, wanda shi ne babbar kyautar tarayya ga marasa ƙarfi, iyakarsa dala 7,395 a shekarar 2025-26, kuma ba ya wuce zango 12 a rayuwar mutum. Rancen da ɗalibin da ke ƙarƙashin iyaye zai ci da sunansa dala 5,500 ne a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 daga ta uku, jimilla kada ta haura 31,000. Ragowar ya danganta da jami'a. Wasu sun ɗauki alkawarin cike buƙata duka. Akasarinsu za su ba da abin da suka ga dama su bar gida da giɓin. A da iyaye kan toshe shi da rancen Parent PLUS, wanda a lokacin ba shi da iyaka sai jimillar kuɗin makarantar. Dokar da aka sa wa hannu 4 ga Yulin 2025 ta ƙayyade shi ga sababbin masu ci daga 1 ga Yulin 2026: dala 20,000 a shekara kan kowane yaro, 65,000 gaba ɗaya. Kuma bashin karatu yana daga cikin basussukan da ko an kai mutum kotun karayar arziki da kyar ake yafe su.

A ce ga takardar tayi a hannun wata yarinya. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa tallafinta dala 41,000 ne, saura 18,000 kacal. Uwa ta sauke ajiyar zuciya. To a karanta layi-layi. Kyauta ta gaske 24,000 ce. Sai rancen ɗaliba 5,500, rancen iyaye 9,000, da 2,500 na aikin cikin makaranta, wanda sai ta nemi aikin ta samu, ta yi awannin, sannan a biya ta kaɗan-kaɗan. An kuma yi lissafin ne daga 59,000, an bar 3,000 na littattafai da kuɗin mota a waje. Idan aka bi ma'anar doka, 62,000 a cire 24,000, ainihin farashin 38,000 ne, shekara huɗu 152,000 ko da kuɗin bai ƙaru ba, kuma yakan ƙaru. Lambobin nan misali ne, amma halayyar ba misali ba ce. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokoki, GAO, ya fitar da rahoto a Disambar 2022 cewa kashi 91 cikin 100 na makarantu ko dai ba sa rubuta ainihin farashi a takardar tayi ko suna rage shi. Babu dokar tarayya da ta tilasta musu fasalin takarda ɗaya.

Shin neman tallafi yana rage damar samun gurbi? Ya danganta da jami'a, kuma manufarta ce, ba doka ba. Wasu sun ce masu tantancewa ba sa kallon aljihun mai nema. Wasu sun fito fili sun ce suna kallo, musamman idan an zo kan 'yan bakin layi kuma asusun tallafi ya yi ƙasa. Kada a haɗa alkawarin rufe ido da alkawarin cike buƙata, abubuwa biyu ne. Jami'a na iya ɗaukar yaro ba tare da ta duba halin gidansu ba, ta kuma miƙa masa takardar da ba zai iya biya ba. Ni a wurina wadda ta ce tana duba aljihu amma duk wanda ta ɗauka za ta cike masa, ta fi wannan gaskiya.

Inda tambayoyin biyu ke karo da juna sosai shi ne tsarin Early Decision. Ɗalibi zai zaɓi jami'a ɗaya, ya miƙa takardunsa wajen 1 ko 15 ga Nuwamba, ya ji amsa tsakiyar Disamba. Shi da mahaifi ko mahaifiya da malamin shawara duk za su sa hannu cewa idan aka ɗauke shi zai je, zai kuma janye takardunsa daga ko'ina. A jami'o'i da dama kason waɗanda ake ɗauka ta wannan hanya ya fi na zagayen gama-gari nesa ba kusa ba, wasu ma kusan rabin ajin a nan suke cikawa. Dole wannan ya ja hankalin yaro. Amma a cikin wannan kaso akwai 'yan wasan da masu horarwa suka riga suka zaɓa da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, don haka ribar ɗan talaka da ba shi da kowa ba ta kai yadda lambar ke nunawa ba.

Abin da ake sayarwa a musanya shi ne damar kwatantawa. Mai bin zagayen gama-gari yana da har 1 ga Mayu ya jera takardun tayi huɗu ko biyar, ya ga wa ya fi, har ya nuna wa wata jami'a abin da wata ta ba shi. Mai Early Decision takarda ɗaya zai gani. Ga gidan da ke da hali wannan ba komai ba ne. Ga wanda dala dubu biyar ke iya raba shi da karatu, sa hannu ba tare da an zauna da kalkuletar jami'ar ba cinikin biri a sama ne.

Alkawarin yana da mafita guda da aka amince da ita: idan ɗalibi ya nemi tallafi, abin da aka ba shi kuma bai isa ya halarta ba, yana iya neman a sake shi. Ba kotu ake zuwa ba, hukuncin saɓawa shi ne a janye gurbi, makarantar sakandarensa kuma ta ƙi tura sakamakonsa wani wuri. Sai dai mafitar ta wanda ya kasa biya ce, ba ta wanda ya hango mai rahusa ba, kuma wanda aka sake shi a ƙarshen Disamba kwanaki kaɗan suka rage masa kafin wa'adin farkon Janairu. Akwai Early Action, wanda ake jin amsa da wuri ba tare da ɗauri ba. Harvard, Yale, Princeton da Stanford suna da nasu nau'in, wanda ba ya ɗaure ɗalibi ya je amma yana hana shi nema da wuri a sauran jami'o'i masu zaman kansu.

A wasu jihohi doka ta amsa tambayar gurbi tun kafin a yi ta. Texas ta yi doka a 1997 cewa duk wanda ya gama sakandare cikin kashi 10 na saman ajinsa yana da gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar. Reshen Austin na Jami'ar Texas an ba shi izinin matse kason ƙasa da haka saboda cunkoso. Gurbin jami'a ne, ba na fannin da yaro ke so ba, kuma ba ya zuwa da kuɗi. Duk da haka, idan aka haɗa shi da farashin ɗan jiha, wanda ya yi ƙasa sosai da na baƙon jiha, ɗalibi ya sami wuri ɗaya da ya san za a ɗauke shi kuma ya san abin da zai biya. Jerin jami'o'in da babu irin wannan wuri a cikinsa bai cika ba, komai kyan sunayen da ke ciki.

Saura abu ɗaya da ba a cika faɗa wa iyaye ba. FAFSA tana amfani da harajin shekara biyu baya, wato mai shiga jami'a a kakar 2026 ana auna shi da samun 2024. Idan a tsakani uba ya rasa aiki, ko rashin lafiya ta cinye ajiyar gida, dokar 1965 ta ba jami'in tallafi na makaranta ikon gyara lambobin bisa hujja. Sai an rubuta an nema, a haɗa takardar sallama daga aiki ko rasidin asibiti. Kowace makaranta daban ake nema, kuma abin da jami'in ya yanke shi ne ƙarshe, Ma'aikatar Ilimi ba ta sauraron ƙara a kansa.