Waiwaye: Daga zinariya zuwa labari, tarihin makin gogewa a wasan Dungeons & Dragons

Duk wanda ya taɓa buga wasa a waya ko a kwamfuta, ya ga an sanar da shi cewa jaruminsa ya hau mataki na gaba kuma ƙarfinsa ya ƙaru, to ya ci gadon wata doka ce da aka fara gwadawa a kan tebur, da fensir da takarda, a jihar Minnesota ta Amurka a farkon shekarun 1970. A irin wannan wasa, mutane kaɗan ne ke zama kewaye da tebur, kowanne yana riƙe da takardar da aka rubuta halaye da ƙarfin jarumin da yake wakilta, mutum ɗaya kuma ya zama alƙalin wasa, yana bayyana musu abin da suka tarar, su kuma suna faɗin abin da za su yi, sannan a jefa dayis irin na ludo domin sanin ko sun dace. Abin da ake tarawa daga zama zuwa zama shi ne makin gogewa, kuma tun daga farko har yau muhawarar ba ta wuce tambaya ɗaya ba: wane aiki ne ya cancanci a biya ɗan wasa maki a kansa?

Kafin wannan lokaci, galibin wasannin yaƙi na tebur ba su san ci gaban jarumi daga mataki zuwa mataki ba. A cikin Chainmail, wanda Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar a 1971, akwai gwarzo mai daidai da sojoji huɗu, da babban gwarzo mai daidai da sojoji takwas, amma babu wata hanya da ƙaramin soja zai bi ya zama ɗayansu. Dave Arneson ne, a wasansa na Blackmoor da ya fara gudanarwa a 1971, ya bar kowane ɗan wasa da jarumi guda wanda yake dawowa mako bayan mako, kuma daga nan ne buƙatar auna ci gabansa ta taso. Da shi da Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin, sawun Chainmail bai ɓace ba, domin mayaƙi na mataki na 4 sunansa gwarzo, na mataki na 8 kuma babban gwarzo.

Abin da ke ba sababbin 'yan wasa mamaki shi ne cewa a wancan bugu na farko dukiya ce babbar hanyar samun maki. Kowane tsabar zinariya ɗaya da jarumi ya samo daga kogon dodanni maki ɗaya ne. Littafin dokokin da kansa ya kawo misali: matsafi na mataki na 8 ya kashe wani dodo na mataki na 7, ya kwashe zinariya 7,000 da dodon yake gadi. Kisan ya ba shi maki 700, dukiyar ta ba shi 7,000, sannan aka rage jimillar zuwa kashi bakwai cikin takwas saboda ya fi dodon mataki. Wato dukiyar ta ninka kisan sau goma. A 1975 kuma ƙarin dokoki mai suna Greyhawk ya sake zaftare makin kisa, har ƙaramin dodo da a da yake ba da 100 ya koma 10.

An daɗe ana yi wa wannan doka ba'a, ana tambayar yadda buhun kuɗi zai koya wa mutum sara da takobi, kuma tambayar tana kan hanya. Sai dai a ganina masu ba'ar sun dubi ma'anar dokar ne kawai, ba su dubi abin da take sa mutane su aikata ba. Mayaƙi na matakin farko yana buƙatar maki 2,000 kafin ya hau na biyu, alhali sara ɗaya mai kyau zai iya kai shi lahira. Idan ya ce da kisa zai tara makin, dodanni 200 ke gabansa bisa lissafin Greyhawk, kuma da wuya ya ga bayan na goma. Saboda haka sai a ga 'yan wasa sun sunkuya kan taswirar da ɗayansu yake zanawa, suna shawarar yadda za su jefa wa dodo nama ya bi, ko su haɗa ƙabilu biyu na cikin kogon faɗa, ko su yi hayar alfadari domin zinariya tana da nauyi. Dokar ta saka wa dabara, ta mayar da faɗa abin da mai hankali yake kauce wa.

Kowane nau'in jarumi yana da nasa ma'aunin a lokacin. Malamin addini yana hawa mataki na biyu da maki 1,500, mayaƙi da 2,000, matsafi da 2,500, domin matsafi, wanda yake farawa da rauni, shi ne ke zama gagara badau idan ya daɗe. Adadin kuma yana ninkawa kusan kowane mataki, daga 2,000 zuwa 4,000 zuwa 8,000, abin da ya sa sabon jarumin da ya maye gurbin wanda ya mutu yake saurin kamo abokan tafiyarsa. Jaruman da ba 'yan Adam ba an sa musu iyaka, misali wada, wata gajeriyar halitta ta tatsuniya, ba ya wuce mataki na 6. Akwai kuma dodannin da taɓawarsu kaɗai ke sauke mutum daga matakinsa, wanda 'yan wasa da yawa suka fi tsoro fiye da mutuwa, tun da wahalar watanni ce take zubewa a jifan dayis ɗaya.

A littafin jagoran alƙalai na 1979, Gygax ya ƙara sharaɗin horo: ko da maki ya cika, sai jarumi ya nemi malami, ya yi mako ɗaya zuwa huɗu gwargwadon yadda alƙali ya ga ya taka rawarsa, yana biyan zinariya 1,500 sau matakinsa a kowane mako. Wannan ya haifar da wani abin dariya, domin ɓarawo, wanda shi ma nau'in jarumi ne a wasan, yana cika makin mataki na biyu da ɗan abin da ya haura 1,250, wato ya cancanci hawa amma kuɗin makaranta ya fi ƙarfin aljihunsa.

Wasu masu ƙirƙira sun ƙi tsarin gaba ɗaya. Traveller na 1977 kusan bai tanadi girma ba bayan an fara wasa. RuneQuest na 1978 ya soke mataki, ya ce fasahar da ka yi amfani da ita cikin nasara ita ce za ta iya ƙaruwa, kuma sai jifan dayis ya dace, damar dacewar tana raguwa gwargwadon ƙwarewar da kake da ita, ta yadda gwani ke shan wuya kafin ya ƙaru fiye da ɗan koyo.

Babban juyin a Dungeons & Dragons ya zo ne a bugu na biyu na 1989, wanda David Cook ya jagoranta, inda makin zinariya ya koma zaɓi, aka kuma shigo da lada kan cika burin labari. Da kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997 ya fitar da bugu na uku a 2000, sai aka haɗe kowa a ma'auni ɗaya, maki 1,000 zuwa mataki na biyu, 190,000 zuwa na 20, aka cire iyakar da aka sa wa wadanni da ire-irensu, aka kuma ba kowane dodo lambar haɗari da ake lissafa ladansa da ita, bisa ƙiyasin karo kusan 13 kafin a hau mataki. Dokar ta ce shawo kan ƙalubale ake biya, ko da ta hanyar lallashi ne, amma abin da ke da farashi a rubuce shi ne dodo, don haka wasan da ya fara da guje wa faɗa ya wayi gari faɗa ne kasuwarsa.

Bugu na biyar na 2014 ya gaggauta matakan farko, maki 300 zuwa na biyu, 900 zuwa na uku, yayin da na 20 yake a 355,000. Ya kuma amince a rubuce da abin da alƙalai da dama suka daɗe suna yi a ɓoye, wato a ajiye lissafi, a ɗaga kowa mataki idan labari ya kai wata gaɓa. Sauƙin wannan a fili yake, babu ƙidaya a ƙarshen zama, kuma wanda uzuri ya hana shi zuwa ba ya zama koma baya. Amma akwai abin da aka rasa. Ɗan wasan 1974 ya san farashin komai, shi yake zaɓar ko ya ƙara nutsawa cikin kogo ko ya koma gida da abin da ya samu, na yau kuwa sau da yawa jira yake alƙali ya ce lokaci ya yi, kuma hakan na iya koya masa bin hanyar da aka shata masa.

Shi ya sa ba a rufe zancen ba. Wasan Dungeon World na 2012 yana ba da maki ne idan jifa ya ƙi, wato idan dayis biyu da ƙarin da ke kansu suka ba da 6 ko ƙasa da haka, domin 'yan wasa su daina tsoron gwada abin da ba su ƙware a kai ba. Bugu na biyu na wasan Pathfinder a 2019 ya mayar da kowane mataki maki 1,000 cif, a goge a sake farawa. Masu farfaɗo da tsohon salo kuma sun koma kan dokar 1974, suna buga sababbin wasanni da zinariya ɗaya ke daidai da maki ɗaya, wasunsu ma sai jarumi ya kashe kuɗin a gari kafin a rubuta masa makin, dabarar da Arneson ya riga ya bayyana a bayanan Blackmoor da aka buga a 1977.