Waiwaye: Bishop John Fell da Kafuwar Maɗaba'ar Jami'ar Oxford

An buga littafi na farko a garin Oxford na Ingila tun 1478, amma sai bayan kusan shekara 200 jami'ar ta samu maɗaba'ar da za ta kira tata. Malaman coci biyu ne suka tsaya a kan wannan aiki. Ɗaya ya samo izini daga fada, ɗayan kuma ya samo kayan aiki, har ya zuba dukiyarsa a ciki.

Na farkon shi ne William Laud, Akbishop na Canterbury kuma shugaban jami'ar daga 1630. A 1636 ya karɓo wa jami'ar takardar izini daga Sarki Charles I ta buga kowane irin littafi. A shekarar ce kuma ya kafa kujerar koyar da Larabci, ya ɗora Edward Pococke a kai. To amma izini a takarda daban, kasuwa daban. Ƙungiyar masu ɗab'i da sayar da littattafai ta Landan da mai ɗab'in sarki su ke riƙe da littattafan da ke kawo riba: Littafi Mai Tsarki, kalandar shekara da littafin nahawun Latin na 'yan makaranta. A 1637 aka daidaita, 'yan Landan za su riƙa biyan jami'ar fam 200 duk shekara, ita kuma ta janye hannu daga waɗannan littattafai. Yaƙin basasa ya ɓarke, aka sare kan Laud a 1645, shirin ya kwanta.

John Fell, wanda aka haifa a 1625, ya zama shugaban kwalejin Christ Church a 1660, mataimakin shugaban jami'a daga 1666 zuwa 1669, sannan Bishop na Oxford a 1676. Da aka buɗe zauren taro na Sheldonian a 1669, a cikinsa aka girke injinan ɗab'i. A 1672 Fell da abokansa uku, Thomas Yate, Leoline Jenkins da Joseph Williamson, suka karɓi hayar iznin ɗab'in jami'ar a kan fam 200 a shekara, riba tasu, asara tasu.

Inda Fell ya fi nuna gwaninta shi ne batun haruffa. A wancan zamani kowane harafi sai an bi matakai uku kafin ya hau takarda. Gwani zai sassaƙa harafin a bakin ɗan sandar ƙarfe mai tauri. Sai a doka shi a kan ɗan guntun jan ƙarfe, ya bar gurbi. Wannan gurbi shi ne mazubi, ana saka shi a cikin wani ɗan akwatin zubi da ake riƙewa a hannu, a zuba narkakkiyar dalma da aka gauraya da kuza da antimoni. Dalma zalla ta yi laushi, tana lotsewa a ƙarƙashin matsi, shi ya sa ake gaurayawa. Idan kuma ba a goge mazubin ya daidaita ba, harafi zai fito a karkace ko ya fi 'yan'uwansa tsawo, ya huda takarda. Wanda ya sayi zubabbun haruffa kawai, da sun cinye sai ya koma wurin mai sayarwa. Fell ya gane haka, sai ya nemi sandunan da mazuban kansu. Thomas Marshall, wani malamin coci da ke zaune a ƙasar Holan, shi ya yi masa cefanen a 1670 da 1672. Daga baya ya ɗauko masassaƙin haruffa, Peter de Walpergen, ya zaunar da shi a Oxford, ya kuma ƙarfafa masana'antar takarda a Wolvercote.

Littattafan ilimi sun fito: tarihin jami'ar na Anthony Wood a 1674, Sabon Alkawari da Girkanci a 1675 tare da bambance-bambancen tsofaffin kwafin hannu, da rubuce-rubucen Cyprian, wani bishop na ƙarni na uku, a 1682. Fell ba mai kame hannu ba ne. Ya sa an mayar da littafin Wood zuwa Latin, ya sauya abin da aka rubuta game da masanin falsafa Thomas Hobbes ya zama suka, ba da yardar marubucin ba.

Sai dai irin waɗannan littattafai a hankali suke fita, kuɗin takarda da na ma'aikata kuwa ba sa jira. Fell ya gwada buga Littafi Mai Tsarki da Turanci a 1675, har ya shigar da nasa salon rubuta kalmomi, abin da bai yi wa mutane daɗi ba. 'Yan Landan suka karya farashin nasu don su durƙusar da shi. A 1678 ya bayar da hayar wannan ɓangare ga 'yan kasuwar littattafai huɗu na Landan, ciki har da Moses Pitt da Thomas Guy, wanda daga baya ya kafa asibitin da ke ɗauke da sunansa. Daga nan maɗaba'ar ta rabu gida biyu, ɓangaren Littafi Mai Tsarki mai kawo kuɗi da ɓangaren ilimi mai cin kuɗi, haka aka daɗe ana tafiya.

Fell ya rasu a 1686. Ya yi wasiyya a miƙa wa jami'ar haruffa da mazubai, aka cika wasiyyar a 1690, kuma a 1693 aka buga kundin samfurin haruffan. A 1713 maɗaba'ar ta bar Sheldonian ta koma ginin Clarendon, wanda ribar littafin tarihin yaƙin basasa da basarake Clarendon ya rubuta ta taimaka wajen gina shi. Haruffan Fell sun shafe shekaru a ajiye, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka sake zuba su daga mazuban asali aka ci gaba da ɗab'i da su.