Tsofaffin katin girafik na kwamfutar tebur: wanne ya fi dacewa da gem a karkara

Katin girafik, wanda masu gyara suke cewa GPU, shi ne ɓangaren kwamfuta da yake zana hoton da kake gani a monita. Kwamfutar tebur tana iya aiki ba shi, don yawancin furosesa na Intel suna da ɗan ƙaramin girafik a jikinsu wanda ya isa buga takarda da kallon bidiyo da cike fom, amma da zarar ka ɗora mata gem mai nauyi sai ta fara sarƙewa, hoto ya tafi ya tsaya ya tafi ya tsaya. Ana soka katin ne a wani dogon rami a jikin madabod mai suna PCIe, yana da nasa ram daban da ake kira VRAM, da tasa fankar. Kamfanoni biyu ne suka riƙe wannan kasuwa shekara da shekaru, Nvidia masu GeForce da AMD masu Radeon, duka na Amurka, AMD ɗin sun gaji Radeon ne da suka sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006. Su MSI da Asus da Gigabyte da Zotac da Sapphire da zaka gani a rubuce a jikin kati, su cif ɗin suke karɓa su harhaɗa su saka fanka, shi ya sa lamba ɗaya zaka ganta da fuska kala-kala.

Tsofaffin da ake magana a nan su ne waɗanda suka fito tsakanin 2014 da 2019, don su ne suke yawo a hannun 'yan tokumbo, su ne mai gidan gem a Gumel ko Ringim ko Wudil zai iya samu in ya shigo Kano ya zaga shagunan kwamfuta na wajen Beirut Road, ko ya yi oda daga Computer Village ta Ikeja a sako masa a mota.

Wuta ce farkon magana

Yawancin kwatancen da zaka gani a YouTube ƙarfi kawai suke aunawa, wane kati ne ya fi bada firem, wato yawan hotunan da yake zanawa, a sakan, don su can ba su da matsalar wuta. Mu a nan kuwa kafin ka tambayi ƙarfin kati ka fara tambayar wat nawa yake ci, kuma akwatin da zaka saka shi zai iya ciyar da shi? Ramin PCIe da kansa wat 75 yake bayarwa. Duk katin da ya wuce haka sai an jona masa waya daga fawa saflai, akwatin da yake raba wuta a cikin kwamfuta, mai fil 6 tana ƙara wat 75, mai fil 8 tana ƙara 150. To kwamfutocin da suka fi yawa a wajenmu irin na ofis ne da aka kwaso daga Turai, su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, fawa saflai ɗinsu yawanci tsakanin wat 200 da 300 ne kuma babu wannan wayar kwata-kwata, wasu ma akwatin siriri ne sai kati gajere da ake cewa lo-furofayil. Mutum zai sayo kati mai tsada ya dawo ƙauye ya tarar ko shiga bai yi ba, wallahi abin tausayi, kuma a Dell da HP ɗin canja fawa saflai ba kullum yake yiwuwa kai tsaye ba don da yawansu soket ɗinsu na daban ne.

Sai kuma lissafin sola da janareto. Katin RX 580 na AMD wat 185 yake ci in yana aiki sosai, GTX 1050 Ti na Nvidia kuma 75. Bambancin wat 110 kenan, in ka yi awa shida kana buga gem ya zama wat-awa 660. Batir ɗin inbata mai 200Ah a bolt 12 gaba ɗayansa wat-awa 2,400 ne, kuma rabi ake so ka sha in kana so ya daɗe, kaga kenan bambancin kati ɗaya kawai ya cinye fiye da rabin abin da batir ɗin zai baka a dare ɗaya. Mai gidan gem da yake da kwamfuta uku ko huɗu a kan ƙaramin janareto ga fetur yadda yake yanzu, wannan lissafin shi ne ribarsa ko asararsa.

Ƙananan da ba sa neman waya

GTX 750 Ti ya fito a Fabrairun 2014 a kan dala 149, VRAM 2GB, wat 60 kacal. Yana cikin waɗanda suka nuna cewa za a iya maida kwamfutar ofis ta gem ba tare da an taɓa komai ba. Har yau yana jan GTA V da PES 2021 da Euro Truck Simulator 2 in ba ka ƙure setin ba, kuma yawancinsa yana karɓar tsohuwar monita mai VGA. Amma 2GB ɗin nan ta yi kaɗan yanzu, sabbin gem da yawa ko su ƙi tashi ko su tashi da ƙyar.

GTX 1050 Ti, Oktoban 2016, 4GB, wat 75, ƙwayoyin CUDA 768, wato ƙananan injinan lissafi da ke cikin cif ɗin. Ni a ganina wannan shi ne katin mutumin karkara in dai akwatin ofis gare shi. FIFA 23 ma da ta fito, shi da RX 570 aka rubuta a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ja ta, wato yana bakin ƙofa amma dai ya shiga. Wanda ya fi shi a wannan layi shi ne GTX 1650 na Afrilun 2019, shi ma 4GB da wat 75, ya fi ƙarfi a bayyane sai dai kuɗinsa ya fi yawa, kuma a duba da kyau don akwai 1050 Ti da 1650 na wasu kamfanoni da suka zo da ramin fil 6.

GT 1030 na 2017 wat 30 ne, amma iri biyu ne da suna ɗaya, mai ram GDDR5 da mai ram DDR4 wanda ya biyo baya, na biyun gudun ram ɗinsa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na na farkon, kar a saya. GT 710 da GT 730 kuwa ba na gem ba ne ko da an rubuta 4GB a kwali, yawan GB ba shi ne ƙarfi ba, mutane da yawa a nan ake kama su.

Manyan

Nan ne gardamar take. GTX 1060 6GB ya fito a Yulin 2016, wat 120, waya ɗaya mai fil 6, ya yi shekaru yana kan gaba a ƙididdigar Steam, shagon gem na intanet, ta katin da 'yan gem suka fi amfani da shi. Abokin karawarsa RX 580 na Afrilun 2017, mai 4GB ko 8GB. A ƙarfi kusan kunnen doki suke, wani gem wannan ya ɗan wuce wani gem wancan, a sabbin gem masu cin VRAM kuma 8GB ɗin RX 580 tana taimakonsa sosai. To amma wat 65 ne tsakaninsu kuma RX ɗin ya fi zafi, yana son fawa saflai mai kyau ta wajen wat 500 ba irin marar nauyin nan da ake rubuta wa lambar ƙarya ba. Wanda yake cikin gari kusa da layin wuta mai kyau ya ɗauki RX 580 8GB zai more kuɗinsa, wanda yake kan sola ya nemi 1060 6GB ko da ya ɗan fi tsada, bambancin zai dawo masa a batir.

1060 mai 3GB ba rage ram kawai aka yi masa ba, ƙwayoyinsa ma 1,152 ne maimakon 1,280. RX 570 kuma wat 150, ya fi 1050 Ti ƙarfi nesa ba kusa ba kuma sau da yawa kuɗinsu ɗaya a gwanjo, matsalar dai ita ce wayar da wutar. GTX 970 na Satumban 2014 yana nan wajen ƙarfin RX 570, an sayar da shi a matsayin 4GB amma 3.5 ce mai gudu, ragowar rabin a hankali take, har aka kai Nvidia kotu a Amurka suka amince a 2016 za su biya kowane mai saye dala 30. Ya tsufa, sai in an baka shi da araha sosai.

Akwai kuma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda aka fitar don kasuwar Chana. Na asali ƙwayoyinsa 2,304 ne, wannan kuwa 2,048 irin na RX 570, don haka kuɗin 570 ya kamata a biya.

Jabu da waɗanda suka yi mainin

Jabun da ya fi yawo shi ne a ɗauki tsohon GTS 450 na 2010 a canja masa BIOS, ƙaramar manhajar da ke jikin katin, sai Windows ta nuna 1050 Ti. Alamar farko, in ka ga ramin VGA shuɗi a bayan wai 1050 Ti to ka ajiye shi, don jerin GTX 10 da RX 400 da 500 sun daina fitar da siginar analog, mai tsohuwar monita sai ya sayi ɗan konbata na HDMI zuwa VGA. Na biyu ka sa a buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati a gabanka, kyauta ce, ka duba yawan ƙwayoyin, GTS 450 192 gare shi, kuma manhajar tana rubuta cewa jabu ne a kan da yawansu.

Su RX 470 zuwa 580 da 1060 su aka fi yin mainin da su tun 2017, wato haƙar kuɗin intanet na Ethereum, musamman masu 6GB da 8GB don masu 4GB sun daina iyawa wajen ƙarshen 2020. Da Ethereum ta bar tsarin haƙa a Satumban 2022 sai aka zubo su kasuwa, shi ne dalilin arahar RX 580. Ba duka ne matattu ba, da yawa lafiyarsu lau, abin da ya fi gajiya shi ne fanka da ram, wasu kuma an bar musu BIOS ɗin mainin sai direba, manhajar da Windows take sarrafa katin da ita, ya ƙi shiga daidai. Kar ka yarda da gwajin minti biyu a shago, a ɗora gem a bar shi rabin awa kana kallo, in ka ga ɗige-ɗigen kala ko layi-layi ko hoto ya ɗauke ko zafi ya haura digiri 85 to ka ce a canja maka, kuma ku yi magana a kan kwana nawa zaka iya dawo da shi tun kafin ka biya, musamman in daga Hadeja ko Kazaure ka taho.

Direba da ƙura

Nvidia sun daina yi wa GTX 600 da yawancin 700 sabon direban gem a 2021, su 750 Ti da 970 da jerin GTX 10 kuma nasu na ƙarshe ya zo wajen ƙarshen 2025, sai gyaran tsaro kawai ya rage. GTX 1650 da 1660 har yanzu suna samu. AMD ma tun 2023 suka ware su RX 580 a layin da ba a cika sabunta shi ba. Wannan ba ya hana tsofaffin gem aiki, wanda ya saba bugawa zai ci gaba, sai dai sabbi irin Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da sai kati mai ray tracing, sabuwar fasahar zana haske da inuwa, duk waɗannan da aka lissafa ba wanda zai tashe shi.

Lokacin hunturu ƙura tana toshe haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka, sai bazara ta shigo da zafin da yake haura digiri 40 a watan Afrilu ta tarar da kati a toshe a ɗaki mai rufin kwano. A ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora kan tebur, a riƙa hure shi da bulowa ana riƙe da fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa, katin da ya haura shekara biyar kuma a kai wa mai gyara ya canja masa man sanyaya da ke kan cif ɗin. In janareto ne a jira ya daidaita kafin a kunna kwamfutar, a kuma saka sitabilaiza ko UPS a tsakani.