Me ake nufi da "bambancin halittar hanta" a wajen dashe?

Duk mahaucin da ya daɗe yana fiɗa a Jos ya sani, hantar wannan rago ba lalle ta yi daidai da ta wancan ba. Wata ta fi tsaga, wata jijiyar jininta ta bi ta gefe, alhali dabbar lafiyarta ƙalau. Wannan shi masana ke kira bambancin halitta: gaɓa ta saɓa wa siffar da aka saba gani tun daga haihuwa, ba don ciwo ba.

A fararen ɓerayen ɗakin bincike, irin waɗanda ɗalibanmu na likitanci da na dabbobi ke aiki da su, lamarin yana da nauyi. Tun 1973 wani likitan tiyata, Sun Lee, ya bayyana yadda ake dashen hanta a ɓera, wato a cire tasa a sa masa ta wani ɓeran, sannan a 1979 wasu likitoci biyu, Kamada da Calne, suka sauƙaƙa aikin a Ingila, inda ake zura jijiya cikin ɗan bututun roba maimakon a ɗinke ta. Hantar ɓera manyan ɓangarori 4 gare ta, kuma ba ta da matsarmama sam. Jijiyar da ke kawo mata jini daga hanji ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da zarar an ɗaure jijiyoyi an cire tsohuwar hanta, jini na taruwa a hanji, ana so a gama haɗa sabuwar cikin minti 20 ko kusa da haka. A wannan ƙurarren lokaci, idan mai aikin ya tarar da ƙarin ɓangare ya rufe jijiya, ko bututun ɗaci ya rabu biyu, ko wani ɗan curin hanta ya kutsa cikin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, hannunsa zai tsaya. Ya ja da ƙarfi, jini ya ɓalle. Ya yi jinkiri, ɓeran ba zai farfaɗo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin rubutawa. Ɓeran da ya mutu saboda jijiya ta karkace, in ba a faɗa ba, sai a ɗora laifin kan maganin da ake gwadawa, a yar da abin da wata rana zai iya ceton mai ciwon hanta. Shi ya sa ake duba hantar da kyau a ƙarƙashin madubin likita kafin a ɗaure ko jijiya ɗaya, a kuma rubuta duk abin da aka gani.