Wa ke cika fom ɗin shafinmu da saƙonnin banza? Tambayoyi da amsoshi kan bin sawun adireshin IP

Yanzu a Maraɗi ba abin mamaki ba ne ka ga mai sayar da aya ko wake, ko mai otal, ko mai jigilar kaya zuwa Katsina da Kano ta Ɗan Isa, yana da shafin intanet mai ɗauke da fom ɗin “tuntuɓe mu”. Fom ɗin nan ƙofa ce da aka buɗe wa abokan ciniki, amma ba su kaɗai ke shigowa ba. Sai a wayi gari akwatin imel ya cika da saƙonni cikin Turanci ko Rashanci, wannan na tallar magani, wancan na kuɗin kirifto, wani na cewa zai ɗaga shafinka a Google. Ga tambayoyin da masu shafuka suka fi yi a kan wannan matsala.

Wani ne ke zaune yana rubuto min waɗannan saƙonni? Ko abokin hamayya ne a kasuwa?

Kwantar da hankalinka, Alhaji. Galibi ba wanda ya san ka, balle ya nufe ka da sharri kai kaɗai. Manhaja ce da ake kira bot, wadda ake sakewa tana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta ga gurbin suna da imel da saƙo sai ta cika ta aika. Saƙon da ya zo maka ya je wa mai shago a Dakar da mai asibiti a Barazil a dare ɗaya. Ana gane ta da alamominta: suna ɗaya a gurbin suna da na gari, lambar waya marar kan gado, saƙo cike da mahaɗai, kuma an cika fom ɗin cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, abin da yatsan ɗan Adam ba zai iya ba.

Mene ne adireshin IP, kuma a ina zan gan shi?

Lamba ce da kowace na'ura ke amfani da ita idan ta hau intanet, domin amsa ta san inda za ta koma. Tsohon tsarin, IPv4, rukuni huɗu ne na lambobi daga 0 zuwa 255, kamar 203.0.113.45. Wannan da na kawo tana cikin lambobin da aka keɓe don misali, ba ta kowa ba ce. Duka adireshin wannan tsari kusan biliyan 4.3 ne, sun kuma yi wa duniya kaɗan, shi ya sa aka fito da IPv6 mai dogayen lambobi haɗe da haruffa.

Wurin ganinsa shi ne rajistar saba, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kanta. Ko manhajar Apache ce ke gudanar da ita ko Nginx, duk buƙatar da ta shigo sai an rubuta mata layi guda: adireshin IP, rana da lokaci, abin da aka nema, amsar da saba ta bayar, da sunan burauzar da baƙon ya ce yana amfani da ita. Idan kamfanin da ya ba ka masauki yana amfani da cPanel, wato manhajar da ake kula da shafi ta cikinta, akwai wurin sauke wannan rajista. Ka nemi layukan da ke ɗauke da kalmar POST tare da adireshin shafin fom ɗinka, domin POST ita ce aikawa, GET kuwa buɗe shafi ne kawai.

Akwai abu biyu da nake son a duba da kyau a nan. Na farko lokaci. Sabobi da yawa suna rubuta agogon UTC, wato agogon GMT, mu kuwa a Nijar muna gaba da shi da awa ɗaya. Saƙon da ya shigo imel ɗinka ƙarfe 3:17 na dare, a rajista za ka same shi a 2:17. Wanda bai san wannan ba zai ɗora laifi a kan lambar da ba ruwanta. Na biyu, ka dubi abin da lambar ta yi kafin ta aika. Mutum na gaske yana buɗe shafin farko, hotuna su sauka, ya leƙa farashi, sannan ya je fom. Bot kuwa sau da yawa layi ɗaya ko biyu ne kawai: ta faɗo kan fom kai tsaye, ta aika, ta ɓace, ba ta sauke hoto ko ɗaya ba. Wannan shaida ta fi sunan burauza ƙarfi, don sunan burauza kowa na iya ƙirƙirarsa.

Na samu lambar. Ta yaya zan san ta wane ne?

Hukumomi biyar ne ke rabon adireshin IP a duniya. AFRINIC, mai hedikwata a tsibirin Morishus, ita ke kula da Afirka. RIPE NCC na kula da Turai da Gabas ta Tsakiya, ARIN da Amurka da Kanada, APNIC da Asiya da Fasifik, LACNIC kuma da Latin Amurka. Kowacce tana da wurin bincike kyauta da ake kira WHOIS. Ka zuba lambar, zai nuna maka kamfanin da aka ba wa rukunin lambobin, da ƙasar da ya yi rajista, da adireshin imel na kai ƙorafi.

Abin da zai ba ka ke nan: sunan kamfani. Ba zai ba ka sunan mutum ba, ba zai nuna maka unguwa ko gida ba. Shafukan da ke zana taswira su ce ga garin da lambar take, ƙiyasi suke yi, kuma a yankinmu suna yawan kuskure. Mutum na zaune a unguwar Zariya a nan Maraɗi, taswira ta nuna shi a Yamai, don can ne hanyar kamfanin wayarsa ke fita.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: wane irin kamfani ne? Idan na hayar sabobi ne, to da wuya a ce mai son sayen buhun aya ne ke rubuto maka daga can. Idan kuma kamfanin waya ne ko na intanet ɗin gida, sai a yi hattara.

To tunda na san lambar, ba sai in toshe ta in huta ba?

Nan ne ake yawan yin ɓarna, kuma nan nake son a tsaya sosai.

Adireshin IP kamar ɗakin haya ne a bakin tasha: wanda ya kwana jiya ba shi ne zai kwana gobe ba, wani lokaci ma mutane da yawa ne a ciki lokaci guda. Masu bot suna hayar saba ta ƴan sa'o'i su watsar. Suna bi ta VPN, ko ta Tor, wato hanyoyin ɓoye ainihin lambar mai hawa intanet, ko ta wayoyi da kwamfutocin bayin Allah da cuta ta kama ba su sani ba. Ka toshe lamba yau, gobe su dawo da wata. Ita kuma wadda ka toshe, nan gaba a ba wa wanda ba ya da laifi.

Abin ya fi tsanani a wurinmu, inda kusan kowa da wayar hannu yake hawa intanet. Saboda ƙarancin IPv4, kamfanonin waya galibi suna haɗa masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Ke nan lamba ɗaya na iya zama ta ɗaruruwan mutane ko fiye. Idan waya ɗaya mai cuta a cikinsu ta aiko maka da shara, ka toshe lambar, ka rufe ƙofa ga dillali a Tasawa da mai shago a Madarunfa waɗanda ke neman ka da kuɗi a hannu. Ba kuma za su kira ka su ce shafinka ya ƙi buɗewa ba. Za su wuce wurin wani ne kawai.

Haka batun toshe ƙasa sukutum. Wasu manhajojin tsaro suna ba da wannan dama, wani kuma ya ga an ce a toshe Najeriya sai ya danna. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya toshe Najeriya ya toshe Jibiya da Katsina da Kano, wato ya datse hanyar cinikinsa da hannunsa. Ko ƙasar nesa ce, ka tuna akwai ƴan uwanmu a Saudiyya da Faransa da Libiya, akwai kuma masu sayar maka da kaya daga Sin da Dubai.

Shawarata ita ce, lambar da ta fito daga kamfanin hayar sabobi, ta kuma maimaita aika shara, a toshe ta, har ma da ƙaramin rukunin da take ciki idan ƴan uwanta na yin haka. Lambar kamfanin waya kuwa kada a toshe ta dindindin. A sa mata wa'adi na awa ɗaya ko yini ɗaya. Manhajar fail2ban an yi ta ne don irin wannan aiki: tana karanta rajista, ta toshe lambar da ta wuce gona da iri, ta sake ta idan wa'adi ya cika.

Shafina yana bayan Cloudflare, kuma duk lambobin da nake gani nasu ne. Me ya faru?

Cloudflare kamfani ne da ke tsayawa tsakanin shafi da masu ziyararsa don ba shi kariya. Baƙo ba ya isa sabarka kai tsaye, ta wurinsu yake bi, don haka lambarsu ce ke shiga rajista. Idan ka toshe ta, ka toshe shafinka da kanka. Ainihin lambar baƙon tana zuwa a wani layi mai suna CF-Connecting-IP, sai mai kula da shafinka ya saita saba ta riƙa rubuta shi. Akwai wani layin, X-Forwarded-For, amma shi mai aikowa na iya rubuta ƙarya a ciki, kada a yarda da shi sai in ya fito daga hanyar da aka amince da ita.

Akwai inda zan kai ƙara?

Akwai, ko da yake kada ka sa rai da yawa. Ka rubuta wa adireshin ƙorafin da WHOIS ya nuna, ka haɗa da layukan rajistar kamar yadda suke, da lokaci da nau'in agogon. Ba tare da lokaci daidai ba, kamfanin ba zai iya gane wane abokin cinikinsa ne ke riƙe da lambar a sa'ar ba. Wasu kamfanonin suna rufe sabar mai laifin, wasu ko amsa ba za su ba ka ba. Akwai kuma AbuseIPDB, inda masu kula da sabobi ke shigar da lambobin da suka dame su. Kafin ka yanke hukunci a kan wata lamba, duba ta a can, in ka tabbata kuma ka shigar da taka shaidar don wani ya amfana.

Idan abin ya wuce talla ya koma barazana, ko neman kuɗi, ko zamba da sunan kamfaninka, to wannan ya zama laifi. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019. Ka adana saƙonnin da rajistar, ka je wurin ƴan sanda. Hukuma ce ke da ikon neman kamfanin waya ya faɗi wanda ke bayan lamba, ba kai ba. Kada kuma wani yaro ya ce maka zai “rama” ta hanyar kai wa lambar hari. Mai yiwuwa na'urar wani marar laifi ce, kuma kai ne za ka koma mai laifi.

Me ke rage saƙonnin da gaske, tunda toshe lamba ba ya isa?

Gyaran yana jikin fom ɗin. Dabara mafi sauƙi ita ce tarko: a ƙara wani gurbi da idon mutum ba ya gani amma bot na gani. Mutum zai bar shi fayau, bot kuwa ta cika shi, sai saba ta yar da saƙon shiru. Sai auna lokaci: duk fom ɗin da aka aiko cikin daƙiƙa biyu ko uku da buɗe shi, a ƙi karɓa. Sai iyakance yawan saƙon da lamba ɗaya za ta iya aikowa a cikin awa, amma a bar iyakar da ɗan faɗi saboda abin da muka faɗa kan layukan waya. Waɗannan ukun ba sa cin datar abokin ciniki ko kaɗan, ba sa kuma wahalar da shi.

Idan ba su wadatar ba, a ƙara gwajin tantance mutum, irin reCAPTCHA na Google ko hCaptcha ko Turnstile na Cloudflare. Sai dai ina roƙon masu gina shafuka su gwada shi a ƙaramar waya, a wurin da sabis ke da rauni, kafin su miƙa aiki. Dattijon da aka ce ya zaɓi hotunan fitilun kan hanya sau uku, hoton kuma ya ƙi sauka, ba zai yi na huɗu ba. Masu shafin da aka gina da manhajar WordPress kuma suna da Akismet, wadda ke tace saƙo bisa abin da ke cikinsa. A kowane hali a sa lambar WhatsApp a fili kusa da fom, domin wanda tacewa ta kama bisa kuskure ya sami wata hanyar.

In na riƙa sharewa kawai na ƙyale su fa?

Asarar farko ita ce saƙon gaske da zai nutse a cikin shara, a share shi tare da su. Ta biyu ta fi muni. Wasu fom ɗin suna aika kwafin saƙo zuwa imel ɗin da baƙo ya rubuta. Bot sai ta sa adireshin wani, ta zuba tallarta, sabarka ta kai masa da sunan kamfaninka. Idan haka ta yawaita, masu tace imel irin su Spamhaus na iya sa adireshin sabarka a jerin masu shara, daga nan takardar farashin da ka aika wa abokin ciniki ta daina isa. Ka ce wa mai kula da shafinka ya kashe wannan kwafin, ko ya cire rubutun baƙo daga cikinsa. Ka kuma gargaɗi yaran ofis kada su taɓa mahaɗin da ya zo ta fom, musamman masu cewa sunan shafinku zai mutu gobe in ba a biya ba.

Ajiye lambobin masu ziyara bai saɓa wa doka ba?

Ajiye rajista don tsaron shafi abu ne da aka saba, amma a cikinta akwai lambobin abokan cinikinka na gaske, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Kada a ajiye fiye da lokacin da ake buƙata, kada a bar kowa a ofis yana buɗewa, kada kuma a ɗauki hoton rajistar a watsa a zauren WhatsApp na ƴan kasuwa ana cewa ga ɓarawo. In za ka tura wa wani ya taya ka dubawa, ka ciro layukan da ake zargi kaɗai ka tura masa.