Waiwaye: Yadda tef ɗin awo ya shiga tsakanin maharbi da ragon dutse

Ranar 28 ga watan Agustan 1936, wani ɗan kasuwa daga jihar Ohio mai suna L. S. Chadwick ya harbi rago a duwatsun da ke kusa da kogin Muskwa, a arewacin British Columbia ta ƙasar Kanada. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne nama suka fita nema saboda tukunyar sansani. Sai da aka sa tef aka ga kowane ƙaho ya haura inci 50, abin da ba a taɓa gani ba a ragunan dawan Arewacin Amurka, kuma har yau ba a sake gani ba. Makin ragon a kundin bajinta, wato jimillar awon ƙahoninsa, 196 ne da 6/8. Duk maharbin tumakin dawa a can ya haddace wannan lamba kamar ranar haihuwarsa, ga kuma sunan da ya bi dabbar: ragon Chadwick. Ragon ne ya yi shekaru yana tsiro da ƙahon, amma sunan mai bindiga aka laƙaba masa. Gardamar da maharban nan suka shafe kusan shekara 80 suna yi, a kan wannan take: lambar nan, ta ragon ce ko ta mutumin?

Da farko dai ba don alfahari aka ƙirƙiro awon ba, ko kuma a ce ba don shi kaɗai ba. A Landan, Rowland Ward, wanda sana'arsa gyara fatu da kawunan namun daji don ajiya, ya fara buga kundin awon ƙahoni a 1892, yawanci na dabbobin da Turawa suka harbo a Afirka da Asiya. A Amurka kuwa ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da George Bird Grinnell suka kafa a 1887, ta taso ne lokacin da 'yan farautar kasuwa suka kusa ƙarar da ɓaunan ƙasar. A 1906 William Hornaday da abokansa suka fara tara kawuna da ƙahoni a gidan namun dajin Bronx da ke New York, kuma da aka buɗe ginin ajiyarsu a 1922, an sadaukar da shi ne don tunawa da manyan namun dajin duniya da ke ɓacewa. Wato mutanen nan sun ɗauka jikokinsu ba za su ga ragon dutse da rai ba, don haka gara a auna, a rubuta, a ajiye shaida. Kundin ƙungiyar na farko ya fito a 1932.

Sai a 1950 aka tsayar da tsarin lissafin da ake bi har yanzu. Ana auna tsawon kowane ƙaho, a auna kaurinsa a gindi da wasu wurare uku, a haɗa, sannan a cire bambancin da ke tsakanin na dama da na hagu. Komai da kashi ɗaya cikin takwas na inci ake lissafa shi, kuma ba a awon hukuma sai kan ya yi kwana 60 yana bushewa, domin ɗanyen ƙaho yana ɗan tsukewa. Ragon da ake kira bighorn sai ya kai maki 180 zai shiga babban kundi, na hamada 168, nau'o'in da ake kira Dall da Stone kuwa 170. Hujjar ƙungiyar ita ce babban ƙaho alama ce ta tsohon rago da ƙasa mai albarka, kuma mai neman irin wannan zai ƙyale ƙanana da mata su hayayyafa. Hujja ce mai kyau. Sai dai da zarar an jera lambobi daga babba zuwa ƙarami, an kuma buɗe gurbin sunan maharbi a gefe, ai an shirya gasa ko ba a yi niyya ba.

Akwai dalilin da ya sa cutar gasar nan ta fi kama masu farautar tumaki. Barewar ƙasashen sanyi tana zubar da ƙahonta duk shekara ta sake wani, shi kuwa rago ƙahonsa ɗaya ne har mutuwa. Kowane hunturu girman yana tsayawa ya bar zobe, saboda haka ana ƙirga shekarun rago a ƙahonsa, a ga shekarar wadata da ta fari, a ga inda ya karye wajen karo. A babban bighorn nauyin ƙahonin yakan kai kilo 14. Masanin dabbobi Valerius Geist, wanda ya yi shekaru yana zaune da su a duwatsun Kanada, ya nuna cewa su kansu ragunan da ƙaho suke gane matsayin juna: baƙon rago ya iso, a dubi kansa, a san ko a kauce masa ko a gwada shi. Ashe ba mutum ne ya fara raina ƙaramin ƙaho ba. Ga kuma wahalar isa inda suke, kwana da kwanaki ana hawan dutse da kaya a baya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma wanda ya sha gudun yakan so a sani.

A 1948 Grancel Fitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara lissafin nan, ya rubuta wata maƙala a mujalla inda ya aro kalmar 'yan karta, Grand Slam, ya ɗora wa duk wanda ya harbi nau'o'in ragunan nahiyar guda huɗu: farin Dall na Alaska da Yukon, Stone mai duhun gashi, bighorn na duwatsun Rocky, da na hamada da ke kudu maso yammacin Amurka da Meziko. A lokacin masu wannan bajinta 'yan ƙalilan ne. A 1956 Bob Housholder ya kafa kulob na masu ita, ana ba kowa lambarsa bi da bi. Daga nan kiɗa ya canza. Mutum ba ya cewa ya je dutse, sai ya ce yana da rabi, ko yana da uku saura ɗaya.

Jack O'Connor, marubucin mujallar Outdoor Life wanda ya fi kowa cusa wa Amurkawa sha'awar farautar rago, yana cikin na farkon da suka haɗa huɗun. Shi ne kuma, kafin rasuwarsa a 1978, ya dawo yana sukar abin da ya taimaka aka haifa. Abin da ya dame shi attajiran da ba ruwansu da dutse ko dabbar, su sauka daga jirgi, ɗan jagora ya nuna musu, su harba, su koma gida su cike gurbi a bango. Ana iya cewa tsufa ne, kowane tsoho gani yake zamaninsa ya fi. Amma a ganina ya hango wani abu na gaske: ranar da rago ya zama ɗaya cikin huɗu, ya daina zama rago, ya zama abin da ya rage a jeri.

Duk wannan yana faruwa ne alhali dabbar tana ƙarewa. Ba bindiga kaɗai ta cinye su ba. Tumakin gida da makiyaya suka kai yammacin Amurka sun tafi da ƙwayar cutar huhu wadda ba ta cika kayar da su ba, amma idan ta shiga garken dawa sai ta kashe manya, sannan ta yi shekaru tana ɗauke 'ya'yan da aka haifa. Zuwa shekarun 1950, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne bighorn kusan 25,000 suka rage. A 1977 maharba suka kafa gidauniyar da yanzu ake kira Wild Sheep Foundation, mai hedikwata a Bozeman ta jihar Montana. A 1980 gwamnan Wyoming ya ba da takardar izinin harbin rago ɗaya aka yi gwanjonta, ta tashi dala 23,000. Sauran jihohi suka ga hanya. A 2013 takardar Montana ta kai dala 480,000, a 2025 kuma ta New Mexico ta kai dala miliyan 1.3 a taron shekara-shekara da ake yi a birnin Reno. Rago ɗaya ke nan, kuma ba tabbas za a same shi.

A nan ne maganar ta yi wuyar yankewa. Mafi yawan kuɗin nan hukumomin namun daji yake komawa, da shi ake kama tumaki da jirgi mai saukar ungulu a mayar da su duwatsun da suka ɓace, ake gina mashaya a hamada, ake gwajin cuta. Gidauniyar tana cewa adadin bighorn ya ninka fiye da sau uku tun daga shekarun 1950. Wanda ya zuba rabin miliyan kuwa ba don nama ya zuba ba, inci yake nema. Masu kare tsarin sukan ce a bar mai kuɗi da taƙamarsa tunda garke ne ke cin riba. Masu suka kuma su ce dabbar ta jama'a ce, ga talaka yana shiga ƙuri'ar neman takardar izini shekara ashirin ko talatin bai samu ba, a wasu jihohin ma idan ya samu sau ɗaya shi ke nan har abada, wani kuwa ya sayi layi kowace shekara. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa ba a gama ba.

Dubi yadda gasar ta kai. Ragon da Fred Weiller ya harba a Alberta a 1911 ya riƙe kambun bighorn da maki 208 da 1/8 har shekara 89. A 2000 wani Ba'amurke daga Texas, Guinn Crousen, da takardar gwanjo a hannunsa, ya harbi wani a dutsen Luscar, nan dai Alberta, mai maki 208 da 3/8. Kwata ɗin inci ne tsakaninsu, bai kai faɗin farce ba.

Sai masana suka shigo da tambayar da maharba ba su so ji ba. A wani dutse na Alberta mai suna Ram Mountain, an yi ta kama tumaki ana sa musu alama ana auna su tun farkon shekarun 1970. Dokar wurin ta halatta harbin duk ragon da ƙahonsa ya kai kashi huɗu cikin biyar na cikakken zagaye. A 2003 David Coltman da abokan aikinsa, ciki har da Marco Festa-Bianchet, suka buga sakamako a mujallar Nature: cikin kimanin shekara 30 ƙahonin ragunan wurin sun ragu. Dalilin da suka kawo mai sauƙin fahimta ne. Ragon da ƙahonsa ke saurin girma yakan kai ma'aunin doka tun yana shekara huɗu ko biyar, a harbe shi kafin ya kai shekarun da zai mamaye barbara, sai a bar masu ƙaramin ƙaho su gaji garke. Neman babba ne yake ƙarar da babba.

An yi ta ja-in-ja a kan wannan. Wasu masanan suka ce yawan garke da ƙarancin ciyawa da yanayi sun fi gado tasiri, kuma Ram Mountain ƙaramin wuri ne a keɓe, inda ba a iyakance yawan maharba ba, don haka ba za a auna ko'ina da shi ba. Binciken da aka yi daga baya a yankunan farauta masu yawa ya nuna a mafi yawansu ƙahon bai ragu ba, musamman inda ake ba da takardu kaɗan. Abin da gardamar ta bari shi ne sabuwar magana a bakin maharba: a daina tambayar inci nawa, a tambayi shekara nawa. A Alaska, a mafi yawan yankuna, rago yana halatta idan ƙahonsa ya cika zagaye, ko ya kai shekara takwas, ko bakin ƙahonin biyu ya karye. Yanzu za ka ji 'yan jagora suna yabon tsoho ɗan shekara 12 mai gutsurarren ƙaho da haƙoran da suka cinye, suna fifita shi a kan matashi mai dogon ƙaho. Ci gaba ne, ba shakka. Amma shi ma ya fara zama abin bugun ƙirji, don wanda jiya yake cewa nawa inci 40 ne, yau cewa yake nawa shekara 13 ne. Mu da muka san yadda ake leƙen ragon layyar maƙwabci ta kan katanga ba za mu yi mamaki ba.

Kafofin sada zumunta sun ƙara wa wutar fetur. Ana ɗaukar hoto da rago a gaba, maharbi ya ja baya sosai don kan ya cika ido. Saurayin da ya yi shekaru yana tara kuɗi ya harbo halastaccen rago mai matsakaicin ƙaho, ya sa hoto cikin murna, sai waɗanda ba su taɓa taka dutsen ba su ce da ya bar shi ya ƙara shekara biyu. Har ta kai mutum yana fara ba da haƙuri kafin ya nuna abin da ya samo. Ita kanta gidauniyar ta lura an mayar da abin na manya, ta buɗe wani kulob na waɗanda ba su taɓa harbin rago ko ɗaya ba, ana yi musu ƙuri'ar tafiya kyauta. Su kuma marasa ƙarfi suka koma kan ragon dutsen Afirka, irin wanda ke duwatsun Ayar a Nijar da Ennedi a Chadi. An kai shi Texas da New Mexico a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya yaɗu har yana gogayya da bighorn na hamada wajen ci da sha, kuma a can ana masa laƙabi da ragon talaka.

Iyakar inda son inci ya kai mutum, kotu ce ta bayyana shi. A watan Satumban 2024 wata kotun tarayya a Montana ta ɗaure wani mai gidan gona ɗan shekara 81 wata shida. Tun a 2013 aka shigo masa da sassan jikin ragon Marco Polo daga Kirgistan ba bisa ƙa'ida ba, wato nau'in da ya fi kowane ragon dawa tsawon ƙaho. Ya kai wa wani ɗakin gwaji aka kwafi halittarsa, aka haifi rago guda, ya riƙa haɗa irinsa da wasu tumaki don a samu manyan ƙahoni a sayar wa gidajen da ake harbi a cikin shinge, musamman a Texas. Babu dutse, babu gudu, sai zomon kawai.

Kambun Crousen kuwa bai daɗe ba. Wanda ke riƙe da shi yanzu rago ne daga tsibirin Wild Horse, a tafkin Flathead na Montana, inda ba a farauta sam. A 2016 aka tsinci kansa bayan ya mutu mutuwar Allah yana da kimanin shekara tara, a 2018 aka tabbatar da makinsa 216 da 3/8, ya zarce na Crousen da inci takwas cif. Kan yana hannun hukumar namun dajin jihar. A gurbin da ake rubuta sunan maharbi a kundin, abin da aka rubuta shi ne an tsince shi.