Garin kan dutse bai fi na ƙasa zafi ba

An daɗe ana jin masu cewa garin da ke kan dutse ya fi na ƙasa zafi, wai don ya fi kusa da rana. Maganar tana shiga kunne, amma ba haka abin yake ba.

Tsakaninmu da rana akwai kusan kilomita miliyan 150. To wanda ya hau kilomita 3 ko 4, me ya rage a wannan nisa?

Hasken rana ƙasa yake fara gasawa, ita kuma ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Idan iskar nan ta tashi sama, nauyin da ke danne ta sai ya ragu, ta buɗe, ta huce. Shi ya sa, a matsakaicin lissafi, duk hawan mita 1,000 zafi kan sauka da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyas.

Dubi Kito, babban birnin Ekwado. Yana dab da layin da ya raba duniya biyu, amma da yake yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,850, mutanensa ba sa rabuwa da rigar sanyi da dare. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa, mai mita 5,895, har ƙanƙara ce a ƙololuwarsa.

Inda masu waccan magana suke da ɗan abin kamawa shi ne ƙunar fata. A can sama iska ba ta da kauri, ba ta tace hasken sosai, don haka mutum na iya rawar ɗari alhali rana na ƙona masa fuska.